Ina da asma, jaririna kuma fatarsa na ƙaiƙayi: me zan ba shi, me zan hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina fama da asma tun ina ƙarama, maigidana kuma da hunturu ya shigo sai atishawa da toshewar hanci. Babbar 'yarmu mai shekara huɗu likita ya ce ita ma asma ce. Yanzu ina goyon namiji ɗan wata huɗu, kumatunsa da goshinsa da ƙafafunsa sun bushe sun yi kaushi, yana ta goga fuska a jikina, da dare ba ya barci. Surukata ta ce kada a ba shi ƙwai da gyaɗa da kifi sai ya shekara biyu, ni ma in daina ci tunda nono yake sha. Maƙwabciyata kuma ta ce mu rabu da kyanwar gidan. Ina tsoron kar shi ma ya taso da ciwon nan. Me zan yi tun yanzu? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaron, ya ba yayarsa lafiya.

Tsoronki yana da dalili. Yaron da mahaifiyarsa ke da asma, mahaifinsa ke da alajin hanci, ga kuma ciwon fatar nan da likitoci ke kira ezima ya fito masa tun bai cika wata shida ba, yana cikin yaran da ake sa wa ido sosai. Sai dai abin da ake gada shi ne saurin jiki wajen yin bore ga abin da bai dami sauran mutane ba, wato alaji, kuma ba kowane ɗa da ya gaji wannan ne ciwon ke bayyana gare shi ba. Abin da ya shaƙa, da abin da ya ci, da yadda aka kula da fatarsa a shekarar farko, duk suna da tasiri. Matsala biyu ce a wasiƙarki. Alajin abinci, musamman na gyaɗa da ƙwai, ana iya rage haɗarinsa ƙwarai da matakin da ke hannunki. Ita kuwa asma, babu ƙwaya ko allura ko jiƙon da ke hana ta fitowa, amma akwai abubuwan da ke ingiza ta, kuma babbansu hayaƙi ne.

Mu fara da maganar Hajiya surukarki, domin ita ce ta fi gaggawa. Ba da ka ta faɗa ba. Likitoci da kansu sun daɗe suna faɗin haka: a shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yaro irin naki a jinkirta masa ƙwai sai shekara biyu, gyaɗa da kifi sai shekara uku. A 2008 suka janye wannan shawara saboda ba a ga ta kare kowa ba. A wannan shekarar ne kuma aka wallafa wani bincike da ya nuna yaran Yahudawa da ke Ingila sun ninka na Isra'ila wajen sau goma a alajin gyaɗa, alhali a Isra'ila ana ba jarirai abin taɓawa na gyaɗa tun suna 'yan watanni, a Ingila kuwa ana hana su. Daga nan Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki jarirai 640 masu wata huɗu zuwa goma sha ɗaya, dukansu masu ezima mai tsanani ko alajin ƙwai, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ana ba su gyaɗa a kai a kai, ɗaya kashin an hana su har shekara biyar. Da sakamakon ya fito a 2015, waɗanda suka ci sun sami ragin alajin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Wato hanin da ake yi don kariya shi ne ke ƙara haɗarin.

Dalilin da masana suka fi karkata gare shi mai sauƙin ganewa ne. Abincin da ya bi ta baki zuwa hanji, jiki yana koyon karɓarsa a matsayin abinci. Wanda kuma ya fara shiga ta tsagaggiyar fata, jiki yana iya ɗaukarsa a matsayin abokin gaba. A gidajenmu gyaɗa tana ko'ina, a miya, a ƙuli-ƙuli, a yajin tsire, a hannun duk wanda zai ɗauki jariri. Yaro mai ezima fatarsa tana haɗuwa da gyaɗa kullum, to idan bakinsa bai haɗu da ita ba sai bayan shekara biyu, an bar ƙofar da ba a so a buɗe, an rufe wadda ake so.

Saboda haka ga yadda za ki yi. A makon nan ki kai shi wajen likitan yara, in da hali a sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya duba fatar ya gaya miki ko ezimar mai sauƙi ce ko mai tsanani. Idan mai sauƙi ce, ki ci gaba da ba shi nono zalla har wata shida kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, da ya fara cin abinci kuma gyaɗa da ƙwai su shiga cikin makonnin farko, kada ki jira. Idan mai tsanani ce, wato ta mamaye jiki ko ba ta jin magani, likita zai iya sa a yi masa gwajin fata ko na jini tukuna, ko ya ce ɗanɗanon farko a yi shi a gabansa a asibiti, kuma zai iya sa a fara tun kafin wata shida. Kafin wata huɗu dai ba a ba jariri komai sai nono. Alamar ya isa ci ita ce wuyansa ya tsaya, yana iya zama da tallafi, yana buɗe baki idan cokali ya nufo shi.

Ranar da za ki fara, ki zaɓi safiya, yana cikin ƙoshin lafiya, babu zazzaɓi, babu tari ko gudawa, kuma ke ma ba ki da inda za ki je. Ki sami gyaɗa mai kyau, ki tsince duk wadda ta yi baƙi, ta yamutse ko ta yi funfuna, domin irin wannan tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Ki soya ta, ki murje ɓawon, a markaɗa ta lukui ba gishiri ba sukari ba yaji. Ki ɗebi ƙaramin cokalin shayi biyu, ki dama da cokali biyu zuwa uku na ruwan da aka tafasa, ki bari ya huce, ko ki dama a cikin kokon da ya riga ya saba sha. Ki ba shi abin da ya taɓa bakin cokali kawai, ki jira minti goma. Idan ba ki ga komai ba, ki ba shi sauran a hankali, sannan ki sa masa ido na awa biyu. Idan ya wuce lafiya, ki riƙa ba shi wannan adadin sau uku a mako. A nan ne iyaye da yawa ke kuskure: a ba yaro sau ɗaya, a ce an gwada, sai a manta har wata uku. Kariyar tana samuwa ne ta yawan ci a kai a kai. Gyaɗa guda-guda, da ƙuli-ƙuli mai tauri, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kauri da ba a dama ba, duk suna iya shaƙe yaro, kada a ba shi gudan gyaɗa sai ya kai shekara biyar.

Ƙwai kuma a dafa shi ya dahu sosai, kamar minti goma a tafasasshen ruwa, farin da gwaiduwar duka, a dame da ɗan nono ko koko. Ki fara da kaɗan kamar yadda kika yi da gyaɗa, ki kai shi rabin ƙaramin ƙwai sau biyu a mako. Ɗanyen ƙwai ko mai ruwa-ruwa ba na jariri ba ne, ya fi tayar da alaji kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Kada ki fara ƙwai da gyaɗa rana ɗaya, ki bar kwana biyu ko uku tsakani, don in wani abu ya faru ki san wanne ne. Kifi da aka cire wa ƙaya, wake, waken suya, riɗi da alkama su ma su shigo ɗaya bayan ɗaya kafin ya shekara. Madarar shanu a matsayin abin sha ta jira sai ya shekara, haka ma zuma, ko da don tari ne.

Ki san abin da za ki duba. Alajin abinci yakan bayyana cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu. Idan borin jini ne kaɗan a kusa da baki ko ɗan kumburin ido, ki dakatar da abincin, ki kai shi likita ya gani, kada ki sake gwadawa da kanki. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko muryar kukansa ta dishe, ko numfashinsa yana fito, ko ya yi ta amai, ko jikinsa ya saki ya yi laushi, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti nan take. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, maganin ƙaiƙayi na sha ba ya tsayar da shi. Ɗan jan da tumatir ko lemo ke sa wa gefen baki sau da yawa zafin tsami ne kawai a kan fata mai rauni, kuma shafa basilin a gefen bakin kafin ci yana hana shi. Abu ɗaya da ba mu so ki yi ko kaɗan shi ne shafa abinci a fatarsa wai don gwaji.

Ke kuma ki ci ƙwanki da kifinki da miyar gyaɗarki. Ƙaurace wa abinci a lokacin ciki ko shayarwa bai hana yaro alaji ba a binciken da aka yi, sai dai ya rage wa mai shayarwa ƙarfi. Sai in likita ya tabbatar wani abinci takamaimai yana tayar wa yaron ciwo ta nono. Madarar gwangwani mai tsada da ake tallata cewa tana hana alaji, da madarar waken suya ta jarirai, su ma ba su hana ba. Idan za ki yi wa Hajiya bayani, mu a ganinmu ya fi kyau ki roƙe ta ta raka ki asibitin, ta ji daga bakin likita. Kaka ce mai son jikanta, kuma ita za ta taya ki dama kokon.

Yanzu fatar. A jikinmu ezima ba ta cika yin ja ba, takan yi duhu ko furu-furu kamar toka, da kaushi, shi ya sa ake raina tsananinta. Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti biyar zuwa goma, ba tare da soso ba. Sabulu mai ƙamshi, sabulun kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan maganin da ake ɗigawa a bahon wanka duk suna cinye maiƙon fata su ƙara tsaga ta, a ajiye su. Hoda ma haka, ga ta kuma yana shaƙarta. Da kin fito da shi ki dangwala tawul a jikinsa kada ki goga, ki shafa mai tun jikin na da laima. Basilin fari marar ƙamshi ya wadatar, man kaɗanya mai tsabta ma yana yi. Ki shafa da yawa, ki bi kwanciyar gashi, sau biyu zuwa huɗu a rana, da hunturu har fiye. Man gyaɗa kuwa kada ya taɓa fatarsa, kuma duk wanda ya taɓa gyaɗa ko ƙwai ya wanke hannu kafin ya shafa masa mai. Wani babban bincike da aka yi a Ingila kan jarirai wajen 1,400, wanda ya fito a 2020, ya nuna shafa mai kullum ba ya hana ezima fitowa ga yaron da ba shi da ita. Naki ta riga ta fito, don haka a gare shi mai magani ne.

Mai shi kaɗai ba ya kwantar da wurin da ya riga ya tashi. Likita zai rubuta man sitiroyid mai sauƙi, wato maganin shafawa da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, galibi haidirokotizon mai kashi 1 cikin ɗari, a shafa a wurin ciwon kawai sau ɗaya ko biyu a rana na kwanakin da ya faɗa. Ma'auninsa: abin da kika matso daga kan yatsarki manuniya zuwa gaɓar farko yana isar wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. Iyaye suna kuskure ta fuska biyu. Wasu tsoro ke sa su shafa ɗan mitsitsi su daina bayan kwana biyu, ciwon ya yi ta dawowa. Wasu kuma su sayo man nan mai haɗin magani uku a kemis, ko a haɗa wa jariri man bilicin a cikin man shafawarsa. Waɗannan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfin gaske, suna sirantar da fata, kuma jikin jariri yana tsotse su har cikin jini. Ki yanke masa farce, ki sa masa kayan auduga, kada a dunƙule shi da kaya har ya yi gumi. Idan wurin ya fara ruwa, ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙuraje masu ruwa suka fito tare da zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.

Sai maganar asma. Huhun yaro yana kan ginuwa, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, kuma yana numfashi da sauri fiye da babba, don haka hayaƙin da ke ɗaki ya fi shigarsa. Taba ce ta farko: kada a sha sigari ko shisha a cikin gida ko a mota, ko da yaron ba ya wurin, domin hayaƙin yana maƙalewa a tufafi da labule. Amma a yawancin gidajenmu hayaƙin da ya fi yawa ba na taba ba ne. Turaren wuta ne a ɗaki a rufe, musamman ɗakin maijego. Mun san matsayinsa a wurin mata, ba kuma muna cewa gida ya zauna ba ƙamshi ba, amma gidan da uwa da 'ya ke da asma ga kuma jariri mai ezima, kasko ba shi da wurin zama a ɗakin kwana. In za a turara kaya, a yi a tsakar gida, a bari su sha iska kafin a shigo da su. Maganin sauro na kunnawa da ke ci har asuba a maye gurbinsa da gidan sauro. In an yi feshi, a fitar da yara, a buɗe tagogi, sai warin ya tafi su dawo. Kada ki goya shi a gaban murhun itace ko gawayi ko risho, ki ba wani ya riƙe shi nesa da hayaƙin, in da hali a koma gas kuma tagar kicin a buɗe. Gawayin jin ɗumi a ɗaki a rufe da janareta kusa da taga, waɗannan har kisa suna yi, ba asma kaɗai ba. Man zafi mai kafur da ake shafa wa jariri a ƙirji da hanci ba na ɗan ƙasa da shekara biyu ba ne.

Bayan hayaƙi sai danshi da funfuna a bango lokacin damina, da kyankyasai, waɗanda kashinsu da ɓawon jikinsu ke tayar da alaji. A toshe yoyo, a rufe abinci, a fitar da shara kullum. A yayyafa ruwa kafin shara kuma yara ba sa ɗakin, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Zanin gado a wanke kowane mako da ruwan zafi a shanya a rana, katifa da matashi su ma su riƙa shan rana. Ledar ɗaki ko tayil sun fi kafet sauƙin tsabta. Duk wannan zai fi amfanar ki da babbar 'yarki kai tsaye. Kada ki kashe kuɗi kan rigar katifa ta musamman ko na'urar tace iska da tunanin za su hana jaririn asma, gwaje-gwajen da aka yi da irin wannan mataki shi kaɗai ba su nuna haka ba.

Kyanwa kuwa ba sai an kore ta saboda jaririn ba. Zama da dabba a gida bai nuna yana jawo wa yara asma ba, yaran da suka tashi cikin dabbobin gona ma sun fi samun sauƙi. A Amurka an kwatanta al'ummu biyu na manoma masu kusancin asali: Amish, da ke noma da dawakai yaransu na shiga garke, asma a yaransu kusan kashi 5 cikin ɗari ce, Hutterite kuwa, da ke noma da injuna yaransu nesa da dabbobi, kusan kashi 21. Wannan ba izini ba ne na ba yaro madarar da ba a tafasa ba. Abin lura kawai shi ne ke da yayarsa: idan kun ga kusantar kyanwar na tayar muku da tari ko atishawa, to a hana ta ɗakin kwana, a kuma tattauna da likita.

Rigakafinsa kada ya tsallake ko ɗaya, ezima ba ta hana allura. Idan daga baya aka tabbatar yana da alajin ƙwai mai tsanani, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin allurar shawara ta wata tara, domin da ƙwai ake sarrafa ta. Ta ƙyanda ba ta da wannan matsala. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis duk sanda yaro ya yi mura ki daina, mura ba ta jin sa, kuma ana danganta yawan shansa a shekarar farko da ƙarin haɗarin asma. Idan likita ne ya rubuta don ciwon da ke bukatarsa, ki ba shi har ya ƙare. Cire belu ba ya maganin tari, zubar jini da shigar cuta kawai yake jawowa.

Duk da haka wata rana za ki iya jin ƙirjinsa yana fito lokacin mura. Kada ki yanke hukuncin asma ce. A wani dogon bincike da aka yi a garin Tucson na Amurka, kusan yaro ɗaya cikin uku ya yi irin wannan kafin shekara uku, kuma wajen shida cikin goma na waɗannan sun daina kafin shekara shida. Naki, saboda gado da ezima, ya fi kusa da waɗanda abin ke ɗorewa, don haka ki riƙa rubuta ranar da ya faru, me ya zo kafinsa, da kwana nawa ya yi. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, saurin numfashi ne, a kai shi asibiti a ranar. Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko ya kasa kama nono, ko leɓensa ya canza launi, ba a jiran gari ya waye. Kada ki ba shi inhelar yayarsa ko taki ba da umarnin likita ba. Idan an rubuta masa tasa, sai da robar shaƙa mai marfin fuska: feshi ɗaya a lokaci guda, ya ja numfashi biyar zuwa goma, sannan na gaba. Fesawa kai tsaye a bakin ƙaramin yaro asarar magani ce.

Ke ma kada ki ajiye inhelarki saboda shayarwa, ba ta cutar da shi ta nono. In Allah ya kawo wani cikin, ki ci gaba da ita, domin asmar da aka bari ba kulawa ta fi maganin haɗari ga ɗan tayi. Ki gaya wa likitan awo tarihin gidanku tun zuwan farko, ki tambaye shi batun bitamin D da man kifi. A wani gwaji a Denmak da ya fito a 2016, matan da suka sha giram 2.4 na man kifi kullum daga mako na 24 na ciki, 'ya'yansu sun sami ragin kusan kashi ɗaya cikin uku na asma da fiton ƙirji mai ɗorewa. Likita ne zai zaɓa miki irin da ya dace, domin man hantar kifi da ake sayarwa a kemis yana da bitamin A mai yawa, wanda ba a so ga mai ciki.